Risalar da na tsinta a Madani

Tun ina yaro wajen da na fi so a duk Kano shi ne layin masu littattafai na Kasuwar Kurmi. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya saba min, in zai shiga sayen littafi sai ya riƙo hannuna mu tafi tare, shi yana ciniki ni ina tsugune ina shinshina takarda, kuma wallahi har yau ƙamshin tsohuwar takardar nan bugun Misira mai ruwan ɗorawa yana taɓa min zuciya. Shi ya sa da Allah Ya nufe ni da zuwa Sudan a farkon 2014, lokacin sanyi, tun a filin jirgi kafin mu shiga mota na tambayi ƙanina ina ake sayar da littattafan gwanjo a garin nan. Yace Yaya ka bari ka huta tukuna, in dai littafi ne sai ka gaji.

Shi ƙanin nawa karatu yake a Jami'ar Afirka da ke Khartum, wadda ɗalibanmu suka fi kira Ifriƙiyya, shekara biyu bai leƙo gida ba Hajiya duk ta damu. Sannan muna da 'yan uwa a Madani, wani gari da ke kudu maso gabashin Khartum, zuri'ar ƙanin kakanmu da ya fita hajji a ƙafa tun zamanin Turawa, ya sauke farali, a hanyar dawowa ya tsaya aikin auduga a Jazira don ya tara guzuri, sai aure, sai 'ya'ya, sai zama. Hajiya ta haɗo min tsaraba, daddawa da kuka da kilishi da turmin atamfa biyu, tace lallai sai na sa su a idona na dawo mata da labari. Sati uku na yi a ƙasar, kuma in ka cire barci da sallah da zumunci sauran lokacin duk a gaban tulin littattafai na ƙarar da shi.

Akwai wata magana da Larabawa suka daɗe suna yi, wai Alƙahira na rubutawa, Bairut na bugawa, Khartum na karantawa. Ban gane ta sosai ba sai da na shiga Suƙul Arabi. Daga hostel ɗin su ƙanina muka hau hafila, wato bas ɗinsu ta haya, kwandasta su kumsari suke ce masa, ba ya ihu irin namu, yatsa kawai yake ƙyastawa ka miƙa kuɗi, kai ma in za ka sauka yatsa za ka ƙyasta. Muna sauka kusa da Babban Masallaci sai ga su nan a ƙarƙashin barandar shaguna, mutum ya shimfiɗa buhu ko leda a ƙasa ya baje littattafai ya ɗora duwatsu a kan mujallu don kar iska ta kwashe, gefe ga mai shayi da kurfotinta da kwalaben kayan ƙamshi, na'ana'a da citta da kanumfari, mutane zaune a 'yan kujerun ƙarfe kowa da abin da yake karantawa. Abin da ya fara burge ni shi ne babu mai hanzarta ka. Ka ɗauki littafi ka tsaya rabin awa kana karantawa mai kayan ba zai ce maka uffan ba, in ma ya ga ka daɗe a tsaye sai ya turo maka kujera yace itfaddal ya ustaz.

Kayan kuwa a cakuɗe suke. Littafin injiniya na Turanci a kan juzu'i na uku na wani tafsiri da babu na ɗaya da na biyu, ƙarƙashinsu diwanin waƙoƙi, gefe tulin mujallar Al-Arabi ta Kuwait wadda aka fara bugawa tun 1958, da tsofaffin kofe na Assibyan, mujallar yaran Sudan da ta fara fita a 1946. Ni abin da na fi dubawa a littafin gwanjo ba ma sunansa ba ne, shafin farko nake buɗewa in ga wa ya taɓa mallakarsa. Wani ya rubuta sunansa da garinsu da shekara, wani kyauta aka ba shi ranar da ya ci jarrabawa, wani hatimin makaranta ne a jiki. A nan na ci karo da wani ɗan littafin koyar da Larabci mai hatimin Bakhtur Ruda, sai da gabana ya faɗi, domin wannan kwalejin horar da malamai da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim ita ce Sheikh Abubakar Gumi ya je karatu a cikin shekarun 1950. Kuma a 1934 ɗin dai aka buɗe makarantar shari'a ta Kano wadda daga baya ta zama SAS, wato Makarantar Nazarin Larabci, malaman da suka fara koyarwa a cikinta daga Sudan aka ɗauko su. Wato malaman malamanmu irin wannan littafin suka riƙe. Fam biyar na saye shi, su jinai suke cewa.

Da mai kayan ya ji Larabcina ya gane ba ɗan ƙasa ba ne yace daga ina, nace Najeriya, Kano. Sai ya miƙe ya shiga wani lungu ya dawo da mujalladi biyu na Almurshid na Farfesa Abdullahi Ɗayyib, yace to ga mutuminku. Gaskiya ya faɗa, mutuminmu ne, don ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a shekarun 1960 kafin ta zama jami'a, ya karɓi kyautar Sarki Faisal a 2000, ya rasu a 2003. Na taya, yayi min ragi da kansa fiye da yadda na nema, ya kuma hana ni biyan kuɗin shayi.

Amma ba duka ne haka ba. Wani a can gaba ya sayar min da littafin tarihi an naɗe shi a leda an like, yace tsohon bugu ne kar a buɗe ƙura ta shiga, da na koma masauki na buɗe sai naga hoton kwafi ne aka yi wa bango, kuma shafi goma sha shida cur babu a tsakiya, daga 96 sai 113. Abin ya min ciwo don littafin na daɗe ina nemansa. Daga ranar duk wanda zan saya sai na zauna na bi lambobin shafi, na duba gindin ɗinki ko gara ta shiga, don garar Sudan ba ta wasa, za ka ga bango lafiya ƙalau ciki kuwa ta yi hanyoyi kamar an huda da allura.

Na je Sudan Bookshop a titin Zubair Basha, shagon da aka buɗe tun 1902, shekarar da aka buɗe Kwalejin Gordon wadda ta zama Jami'ar Khartum. Shiru wajen yake, kantoci dogaye na katako, littattafan Turanci da suka shekara da shekaru suna jiran mai saye. Tun da aka mayar da karatun jami'o'in ƙasar zuwa Larabci a farkon shekarun 1990 masu neman na Turanci suka ragu, sannan Kudu ta ɓalle a 2011 'yan Kudu da yawa suka bar Khartum, man fetur ya tafi, rayuwa tayi tsada. Na leƙa Darus Sudaniyya ma a titin Baladiyya, babban waje ne amma sababbi ne, ni kuma ba su na zo nema ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai a Khartum shi ne Mafrush. Ma'anar kalmar abin da aka shimfiɗa. Wasu matasa marubuta ne suka faro shi a 2012, a lokacin ana yin sa ne duk Talatar farko ta wata da yamma a dandalin Itine da ke tsakiyar gari, kowa ya zo da littattafansa ya baje a ƙasa, ka saya, ko ka yi musaya, ka ba da biyu ka karɓi ɗaya. Allah Ya sa zuwana ya dace da shi. Bayan la'asar muka isa, kafin magariba wajen ya cika maƙil, 'yan jami'a maza da mata, dattawa masu farar jallabiya da rawani, wani yana kaɗa garayar Larabawa a gefe, wani yana karanta waƙa. Naga wani dattijo da ya zo da akwatin ƙarfe irin na amare na da, cike da littattafan da da gani ka san nasa ne na kansa, duk wanda aka ɗauka sai ya karɓa ya shafa bangon ya faɗi inda ya saye shi da shekarar kafin ya faɗi kuɗi. Ban iya taya masa ba, yadda ya faɗa haka na biya. Ƙanina yace min a hanya, Yaya ai irin su da yawa, fansho ba ya kai su ko'ina, sai su fara da littattafai kafin su taɓa kayan ɗaki.

Umdurman kuwa wata duniya ce daban. Ka haye gadar Farin Nilu, daga kanta kana hango Mugran inda Fari da Shuɗi suke haɗuwa, ka wuce ƙubbar Mahadi da gidan Halifa Abdullahi, wanda Turawan Ingila suka ci da yaƙi a Karari a 1898, shekara biyar kafin su shiga Kano da Sakkwato. Wajen da ake kira Bosta, gefen tsohon gidan waya, nan masu littattafai suke. A nan na samu irin kayan Kurmi sak, littattafan fiƙihun Malikiyya bugun Mustafal Babil Halabi, matani a tsakiya sharhi a gefe, takarda ja-ja mai karyewa in ka lanƙwasa, wasu ma ba a yanke bakin shafukansu ba sai ka sa wuƙa. Mu da su mazhaba ɗaya ce, abin da almajirin zaure yake karantawa a Zariya shi ake karantawa a nan. Bambancin da na lura da shi a Alƙur'ani ne, su da yawansu riwayar Duri suke karantawa da Hafsu, mu kuma Warshu muka tashi da ita.

Da yunwa ta kama mu muka bi ƙamshi har wajen wani mai nama, naga tsire ne ƙuli-ƙuli da yaji da komai, nace wa ƙanina wannan ai tsire ne, yace a nan agashe sunansa. Mai naman ya ɗago yace min da Hausa, sannu da zuwa Alhaji, daga gida ne? Shi a Gadarif aka haife shi, bai taɓa taka Najeriya ba, amma Hausarsa garau sai dai tana ɗauke da Larabci, yace kwayyis, yace tamam. Na faɗa masa abin da nake yawon nema, nace duk zagayen nan ban ga littafi ko ɗaya na mutanenmu ba, alhali mutanenmu sun fi shekara ɗari suna bin hanyar nan da gafaka a rataye. Yace Malam ai namu ba sa zuwa kasuwa, suna cikin ɗakuna, sai dai in mai su ya mutu ya bar waɗanda ba su san su ba.

Washegari na kama hanyar Madani ni kaɗai, ƙanina yana da lacca. Daga Mina'ul Barri, babbar tashar mota, tafiyar kusan awa uku ce, kilomita wajen 190, titi yana bin gefen Shuɗin Nilu, dama da hagu gonakin Jazira ne shimfiɗe da magudanan ruwa, tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar ake noma su, kuma gumin Hausawa da Fulani da Barebari yana cikin ƙasar nan ba kaɗan ba. Kawu, ɗan ƙanin kakan namu, shi ya tare ni a tasha da raksha, irin Keke Napep ɗinmu. Yana ganina ya rungume ni yana kuka yana cewa kamannin babansa ne a fuskata. Ba zan tsawaita kan zumunci ba don labari ne mai zaman kansa, amma dai na ci kisra da miyar kuɓewa, na sha godogodo, Inna ta buɗe daddawar Hajiya ta shinshina ta kira maƙwabta su zo su gani.

Kwana biyu da zuwa Kawu ya raka ni babbar kasuwar Madani, yace akwai wani dattijo da yake sayen takardu da littattafai daga gidajen da aka yi rasuwa. Shagon ɗan ƙarami ne, rabinsa littattafan makaranta ne na sakandare, can ciki kuma kwalaye ne jibge har rufi. Na fi awa ɗaya ina tonawa, hannuna yayi baƙi ƙirin, na fitar da 'yan abubuwa, sai a ƙasan wani kwalin sabulu, ƙarƙashin tsofaffin jaridu, naga tadarishi na fata an ɗaure shi da tsumma.

Ina kwancewa na san na gida ne. Warƙoƙi ne a sake ba ɗinki, baƙar tawada wadda ta fara komawa ruwan ƙasa, wasulla da ja, rubutun nan namu mai kauri na allo, fa'un da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Risala ce ta Ibnu Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya. Na ɗauki warƙa ɗaya na fito bakin ƙofa na ɗaga ta a rana, sai ga jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, irin takardar Italiya ɗin nan da fatake suke kawowa ta Tarabulus da Masar wadda malamanmu na da suke rubutu a kai. Gefen warƙoƙin ya yi laushi ya yi duhu saboda yawan taɓawa, wani wajen akwai ɗigon kakin kyandir ko man fitila, wani wajen ruwa ya taɓa tawadar ta ɗan bazu. Amma abin da ya sa jikina ya mutu shi ne ƙananan rubutun da ke tsakanin layuka. Mai shagon ya leƙo yace wannan ba Larabci ba ne ya ustaz, ruɗana ce, na kasa karantawa shi ya sa na jefa shi nan. Ruɗana ita ce sunan da suke kiran duk yaren da ba Larabci ba. Na sa ido sosai, babin zakkar dabbobi ne, ƙarƙashin kalmar Larabci an rubuta da siririn alƙalami, maraƙi. Gaba kaɗan, taguwa. Gaba kuma, tunkiya. Ajami ne, Hausa ce tsantsa, wani almajiri ne yana zaune gaban malaminsa ana ba shi fassara yana ɗigawa don kar ya manta, yadda Baba ya yi, yadda ni ma nayi. Na karanta su da ƙarfi, Kawu ya matso yace sake faɗa, na sake, sai ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Ba sunan mai shi, ba shekara, warƙar ƙarshe inda marubuci yake sa sunansa ta ɓace. Mai shagon yace a cikin kayan wani gida ya zo tun bara, jikoki ne suka tattara komai za su koma Khartum. Ban ɓoye masa ba, nace Baba wannan abin yana da daraja a wurina, faɗi kuɗinka. Ya daɗe yana kallona sannan yace ka ba da abin da ka ga dama, ya koma wajen masu shi. Na ba shi jinai ɗari, ya mayar min da hamsin, muka yi ta turawa juna har Kawu ya raba mu.

Da dare na zauna a tsakar gida a kan angareb, gadon igiyarsu, ina jera warƙoƙin. Littattafanmu na hannu ba su da lambar shafi, kalmar farko ta warƙa mai zuwa ake rubutawa a ƙasan wadda ta gabace ta, da ita ake bi. Komai ya tafi daidai tun daga aƙida, tsarki, sallah, azumi, zakka, har zakkar fidda kai, sai kalmar ta ƙi haɗuwa. Warƙar da ke biye tana cikin maganar layya da yanka. Babin hajji da umara gaba ɗaya babu shi. Na juya kayan sau uku, da safe na koma shagon muka zazzage kwalin tare, babu.

Kawu ne yace mu je Mai Wurno, akwai wani tsohon malami abokin babansa, in ma ba don komai ba ka gan shi ka samu albarka. Daga Madani zuwa Sinnar wajen kilomita ɗari ne, daga Sinnar kuma 'yar tafiya ce kaɗan kudu a bakin kogi. Wanda bai san tarihin garin ba, bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka yi yaƙin Burmi a watan Yulin shekarar ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran mutane suka ci gaba har suka iso bakin Shuɗin Nilu wajen 1906, garin ya ɗauki sunansa. Ka shiga garin ka ji Fillanci, ka ji Hausa, ka ji Larabci, duk a bakin mutum ɗaya.

Mun same shi a zaure a kan buzu, yara a waje da alluna, su makarantar allo khalwa suke ce mata. Ya tsufa ƙwarai amma idonsa garau ba tabarau. Na durƙusa na gaishe shi, Allah gafarta Malam, yace ɗana daga wane gari, nace Kano, yace ka taɓa zuwa Hubbare? Nace na je sau biyu. Sai ya kama hannuna ya riƙe ya daɗe bai saki ba, yace shi bai taɓa gani ba, babansa ne yake ba shi labari, babansa kuma a goye aka fito da shi.

Ya sa jikansa ya ɗauko gafaka uku daga cikin ɗaki. Alƙur'ani rubutun hannu da zayyana a kan kowane hizbi, ja da ɗorawa da kore, da Ishiriniya, da wasu rubuce-rubucen Shehu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello waɗanda aka kwafa aka sake kwafa. Ban ma yi gigin tambayar ko na sayarwa ba ne, da ganin yadda yake ɗaga warƙa da tafin hannu biyu ka san amsar. Da kansa yace wasu sun sha zuwa daga jami'a da kuɗi, yana barinsu su ɗauki hoto amma warƙa ko ɗaya ba ta kwana a waje. Ni ma ya bar ni na ɗauka da wayata. Kuma ina ganin shi ke da gaskiya, domin na ga abin da ya faru da wadda ta fita daga hannun masu ita, a kwalin sabulu na same ta.

Sannan na miƙa masa Risalar. Ya duba rubutun yace wannan hannun ƙasar Hausa ne ba na Barno ba. Ya bi ajamin yana murmushi yana gyaɗa kai, wani wajen yace a'a, nan malaminsa ya faɗa masa daidai shi ne bai ji da kyau ba. Nace Allah gafarta Malam babin hajji ne babu, ko gara ce ko ɓacewa yayi. Yayi shiru, ya duba warƙar da ke gaba da wadda ke baya, yace ɗana gara ba ta zaɓen babi. Mai littafin nan da hannunsa ya zare su. Mutanenmu in sun iso nan sukan bar kayansu masu nauyi wajen 'yan uwa, su tafi Sawakin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda da abin da zai shiga aljihu, to me zai ɗauka in ba babin da zai yi aiki da shi ba? Ko dai ya dawo bai mayar ba, ko kuma yana can Allah Ya karɓi abinsa. Hasashensa ne, amma tun da ya faɗa zuciyata ta zauna a kai.

Yace mu kwana. Bayan isha'i ya sa aka kawo masa tawada da alƙalamin kara da farar takarda, ya sa jikan ya yanka ta daidai girman warƙoƙin, aka kunna fitila mai caji, ya ɗora takardar a gwiwa ya fara rubuta babin hajji da ka, ba tare da ya buɗe wani littafi ba. Ina zaune ina kallon hannunsa, yana rawa in ya ɗaga shi zuwa kurtun tawada amma da ya sauka a kan takarda sai ya tsaya cak. In ya kai ƙarshen layi sai ya karanta a hankali ya ci gaba. Barci ya ɗauke ni wajen sha biyu yana kai, da asuba na tarar da warƙa shida an jera a kan tabarma an danne da dutse suna bushewa, har kalmar ƙasan warƙa ya sa, ta ƙarshen ta haɗu daidai da babin layya. Wasullan ja da hantsi jikan ya sa su yana faɗa masa. Da na ciro kuɗi ya ɓata rai, yace in kana so ka biya ni, ka koyar da ita, kuma in ka je Hubbare ka yi min addu'a. Na je a shekarar, bayan sallar layya.

Ranar komawa kayana sun haura kilo da yawa, a filin jirgi na buɗe akwati na bar wa ƙanina takalma da riguna da rabin garin karkade da Inna ta ba ni, littattafai dai ba wanda ya zauna. Risalar kuwa a cikin rigata na sa ta har Kano.

Malam ya rasu 'yan shekaru bayan nan, Kawu ne ya kira ya faɗa min. Sai kuma yaƙin nan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, tsakiyar Khartum inda na yi ta yawon nan ya zama fagen daga, Suƙul Arabi ta sha wuta da wawaso, a Umdurman ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ya ƙone. Ƙanina Allah Ya sa ya daɗe da gamawa ya dawo, amma ɗalibanmu da yawa sai ta iyakar Masar da Fot Sudan aka kwaso su. Madani ta zama mafakar mutanen Khartum na wata takwas, sai ita ma aka shige ta a Disambar 2023. Kwana tara ba mu ji ɗuriyar su Kawu ba, Hajiya ba ta ci ba ta sha, sai ga saƙon murya a WhatsApp daga 'yarsa, suna Gadarif, kowa lafiya, sun fito da kayan jikinsu kawai, sai Kawu da ya koma ciki bayan an riga an hau mota ya ɗauko gafakar babansa.

Yanzu duk ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar yara bakwai suke zuwa zaurena muna karanta Risala, su da bugun kasuwa ni da ta Madani. Makon jiya muka gama zakkar fidda kai, na juya warƙa, takarda ta canja daga ruwan ƙasa zuwa fara, wani ƙaramin cikinsu ya leƙo yace Malam me ya sa nan tawadar ta fi baƙi? Nace ku rufe littattafanku, yau labari zan ba ku, hajji sai gobe.